Yadda fararen ƙwayoyin jini ke rarrabe nasu da baƙo

Duk wanda aka taɓa ɗibar jininsa don gwaji, in ya duba takardar sakamako zai ga layin da aka rubuta yawan fararen ƙwayoyin jini. A jikin baligi mai lafiya adadin kan tsaya tsakanin 4,000 da 11,000 a cikin maikrolita ɗaya, wato ɗigon da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk milimita ɗai-ɗai ne. A wannan ɗigon jajayen ƙwayoyi sun kai miliyan 5 ko kusa da haka. Ke nan sai ka ƙirga jajaye ɗari shida ko bakwai kafin ka ci karo da fara guda. Sai dai jini hanya ce kawai a gare su. Mafi yawansu suna can zaune a ɓargo, da saifa, da bangon hanji, da huhu, da fata, da 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke wuya da hammata da matsematsi. Gwajin yana kama waɗanda ke kan hanya ne a daidai lokacin da aka soka allura.

An saba kiran su sojojin jiki, kuma sunan bai yi ƙarya ba, suna kisa. Amma a ganina kisan shi ne ɓangare mafi sauƙi a aikinsu. Abubuwan da ke kashe ƙwayar cuta ba sa ƙirguwa, kuma kusan dukkansu suna iya kashe ƙwayar halittar mutum ma. Jikin ɗan Adam yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, iri-iri, ga kuma bakteriya da yawansu ya kai haka ko ya ɗan fi, galibi a babban hanji, waɗanda ba sa cutarwa, wasu ma amfani suke yi. Kullum abinci na shiga, ƙura na shiga, mace mai ciki kuma tana ɗauke da ɗan da rabin gadonsa na wani mutum ne. A cikin wannan cunkoso ake son farar ƙwaya, wadda ba ido gare ta ba ƙwaƙwalwa, ta gane wa za ta taɓa, wa za ta ƙyale, in kuma ta fara ta san lokacin dainawa.

Wanda ya fara kallon aikin da idonsa ya kuma gane ma'anarsa shi ne Ilya Metchnikoff, masanin dabbobi daga daular Rasha. A 1882, yana zaune a Messina ta tsibirin Sisili, ya ɗauki 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro, waɗanda jikinsu garai-garai yake har ana hango abin da ke ciki, ya soka musu ƙaya. Washegari da ya duba a madubin ƙara girma sai ya tarar wasu ƙwayoyi masu yawo sun taru sun yi wa ƙayar zobe. Kafin nan likitoci da dama na ɗaukar fararen ƙwayoyin da ke cikin mugunya a matsayin wani ɓangare na cutar, har wasu na zaton su ne ke ɗaukar ƙwayar cuta suna yaɗa ta. Shi kuwa ya ce cinye ta suke yi. Ya sha jayayya da masanan Jamus da suka dage cewa kariyar tana cikin ruwan jini. A 1908 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Paul Ehrlich, ɗaya daga cikin jagororin wancan ɓangaren, daga baya kuma ta tabbata kowannensu rabin gaskiya ya riƙe.

A ɗauki abin da ke faruwa idan ƙaya ta soki tafin ƙafa ta shigar da bakteriya. Masu fara jin labari su ne ƙwayoyin da dama suke zaune a wurin, makrofaj, wato manyan fararen ƙwayoyi masu haɗiye ƙwayar cuta, da wasu da ake kira ƙwayoyin mast. Suna sakin sinadarai, ciki har da histamin, waɗanda ke sa ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, bangonsu ya saki. Jini ya ƙaru a wurin, sai ya yi ja ya ɗau zafi. Ruwa ya tsattso daga jijiya ya shiga nama, sai ya kumbura. Sinadaran su taɓa jijiyoyin ji, sai zogi ya tashi. Celsus, marubucin Rumawa na ƙarni na farko, ya lissafa waɗannan alamu huɗu, kuma har yau su ɗalibin likitanci ke haddacewa.

Daga nan sai nutrofil su shigo, kuma su ne suka fi yawa, rabi zuwa kashi 70 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin da ke cikin jini. Ɓargo yana fitar da kimanin biliyan 100 nasu a kowace rana, domin ba sa daɗewa, daga 'yan sa'o'i zuwa 'yan kwanaki. Yadda suke fita daga jini abin kallo ne. Nutrofil tana tafe da gudu a cikin jijiya. In ta iso kusa da wurin da ya kumbura, bangon jijiyar ya riga ya fito da wasu furotin masu danƙo. Sai ta shiga kamawa tana saki, kamawa tana saki, tana mirginawa a jikin bango har gudunta ya ragu. Can sai ta tsaya cak, ta baje, ta lalubi tsakanin ƙwayoyi biyu na bangon, ta matse jikinta ta kutsa ta fita. A waje kuma rarrafe take yi, tana bin sinadarin da ke fitowa daga wurin raunin, duk inda ya fi yawa can take dosa. Da ta riski bakteriya sai ta miƙa jikinta ta kewaye ta, ta rufe ta cikin wata 'yar jaka, ta zuba mata guba. Daga cikin gubar har da dangin sinadarin nan na bilic ɗin wanki, wanda nutrofil ke haɗawa da kanta daga iskar oksijin da gishirin da ke jiki. Furotin ɗin da ke yin wannan haɗi kore ne, shi ya sa mugunya da majinar mai mura sukan yi kore-kore. Wannan wuri ne da mutane da yawa ke kuskure: koriyar majina tana nuna nutrofil sun zo, amma ba ta faɗi me suka zo yaƙa ba. Murar bairas ma tana kawo ta, don haka launin kaɗai bai isa ya sa a kama shan antibayotik ba.

A 2004 masu bincike a Berlin suka nuna cewa wasu nutrofil sukan watso zaren DNA ɗinsu waje ya zama raga mai kama bakteriya. Mugunyar da ke fitowa daga maruru galibi gawarwakin nutrofil ne, da na bakteriya, da naman da ya narke a tsakani. Naman kuwa yana narkewa ne saboda gubar ba ta san na gida ba. A nan ne gajartar rayuwar nutrofil ke da amfani. In ta gama aiki takan kashe kanta cikin tsari, ba tare da ta fashe ta zubar da abin da ke cikinta ba, sai makrofaj ta zo ta haɗiye gawar. Haɗiyar nan kanta saƙo ce ga makrofaj. Da ta ga tana cin gawarwakin nutrofil da yawa sai ta sauya hali, ta daina kiran ƙarin mayaƙa, ta koma sakin sinadaran da ke sa nama ya tofo, miki ya haɗe. Umarnin tsagaitawa yana fitowa ne daga cikin faɗan kansa.

To ta yaya ƙwayar ta san abin da ke gabanta bakteriya ce? A jikin makrofaj da nutrofil akwai wasu furotin da ke gane alamun da ƙwayoyin cuta ba sa iya rayuwa sai da su, mutum kuwa ba shi da su: kayan da ake gina bangon bakteriya, da furotin ɗin wutsiyar da take iyo da ita, da irin tsarin ƙwayar gado da bairas ke samarwa yayin hayayyafa. A 1996 Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Faransa suka ga ƙudajen da aka lalata musu wani furotin mai suna Toll, funfuna na cinye su. A 1998 Bruce Beutler a Amurka ya gano ɗan'uwan wannan furotin a jikin ɓeraye, wanda ke gane bangon bakteriya. Mutum yana da irinsu guda 10, ban da wasu dangogin. Wannan ganewa gado ce, ana haihuwar jariri da ita, kuma cikin mintuna take aiki. Gazawarta ita ce jimla take gani. Ta san wannan bakteriya ce, wancan bairas ne, amma ba ta bambance wannan bairas da wancan.

Makrofaj, saɓanin nutrofil, tana iya yin watanni ko shekaru. Akwai su a hanta suna tace jinin da ya taso daga hanji, a huhu suna kwashe ƙura, a ƙwaƙwalwa, a ƙashi. Yawancin aikinsu na yau da kullum ma shara ce. Jar ƙwayar jini kan yi kwana 120 ta tsufa, kuma a kowace daƙiƙa sama da miliyan 2 ne ke ƙarewa, makrofaj na saifa da hanta ne ke cinye su su mayar wa ɓargo da ƙarfen da ke ciki. Su ne kuma ke sakin sinadaran da ke zuwa ƙwaƙwalwa su ɗaga zafin jiki, abin da muke ji a matsayin zazzaɓi. Ƙwayar tarin fuka ta ƙware a kan raunin makrofaj: takan bari a haɗiye ta, sannan ta hana a zuba mata guba, ta zauna a ciki tana rayuwa. Jiki sai ya kewaye wurin da katangar ƙwayoyi ya kulle ta, wani lokaci har ƙarshen rayuwar mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, mafi yawansu ba su sani ba domin katangar tana riƙe. Akwai kuma iyosinofil da basofil, 'yan kaɗan ne a jini, aikinsu ya fi karkata ga tsutsotsin ciki waɗanda suka fi ƙarfin haɗiya.

Idan cutar ta fi ƙarfin waɗannan na farko, magana ta koma hannun limfosait, wani rukuni na fararen ƙwayoyi, kuma a nan ne tsarin ya fi ba ni mamaki. Mai kai musu labari wata ƙwaya ce mai rassa, wadda Ralph Steinman ya gano a New York a 1973. Takan zauna a fata ko a bangon hanji ko huhu tana ɗanɗana abin da ke kewaye da ita. In ta ci karo da ƙwayar cuta sai ta yayyanka ta, ta ɗora gutsattsarin a bayanta, ta bi hanyar limf, wato ruwan da ke tsiyayowa daga naman jiki, zuwa ƙullin da ya fi kusa. A can limfosait ke shiga suna fita dare da rana, kowace tana zuwa ta taɓa gutsuren ta ji ko ya dace da ita.

Kowace limfosait siffa ɗaya tak take ganewa. Matsalar da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai ita ce, ƙwayoyin gadon mutum masu tsara furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba, amma jiki na iya gane siffofi biliyoyi, har da na sinadaran da aka ƙirƙira a ɗakin gwaji waɗanda ba a taɓa samun su a duniya ba. Susumu Tonegawa ɗan Japan ne ya warware ta a 1976, yana aiki a Basel, aka ba shi Nobel a 1987. Kowace limfosait, tun tana ƙarama, takan yanka DNA ɗinta ta ɗauki guntu daga nan, guntu daga can, ta haɗa su barkatai, har ta ƙara wasu haruffa a mahaɗar. Abin kamar maƙeri ne da ke ƙera makullai miliyoyi bai taɓa ganin kwaɗo ko ɗaya ba, yana dogaro da cewa saboda tsabar yawansu, duk kwaɗon da aka kawo za a sami wanda zai buɗe shi. Ma'ana tun kafin wata sabuwar cuta ta ɓulla a duniya, akwai yiwuwar 'yan ƙwayoyin da za su gane ta suna yawo a jikinka.

Haɗarin wannan dabara a fili yake. Abin da aka haɗa barkatai, dole wani ya dace da furotin ɗin zuciya ko na ƙoda ko na jijiya. Saboda haka akwai tantancewa. Nau'in limfosait da ake kira ƙwayoyin T suna barin ɓargo su tafi taimus, wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ba a san amfaninta ba. A 1961 Jacques Miller ya cire ta daga jikin jariran ɓeraye, sai ya ga cututtuka na cin su, kuma ba sa ƙin fatar da aka dasa musu daga wani ɓera. A cikin taimus ana gwada kowace ƙwaya sau biyu. Wadda ba ta iya karanta alamun jikin mai ita kwata-kwata ba ta da amfani, sai ta mutu. Wadda kuma ta cafki wani abu na jiki da ƙarfi haɗari ce, ita ma ta mutu. Don gwajin ya cika, taimus takan samar da ɗan kaɗan daga furotin ɗin wasu sassa na nesa, har da insulin, sinadarin nan mai daidaita sukarin jini, ta nuna wa ƙwayoyin. Sama da kashi 95 cikin ɗari ba sa fitowa da rai. Taimus ta fi aiki a ƙuruciya, bayan balaga takan riƙa ƙanƙancewa kitse na maye gurbinta, wanda yana daga cikin dalilan da suka sa tsofaffi ke shan wuya da sabuwar cuta. Ƙwayoyin B kuwa, wato ɗaya babban nau'in limfosait, a ɓargo ake yi musu irin tasu tantancewar.

Ko bayan wannan, limfosait ba ta tashi da gano abin da ya dace da ita kaɗai. Ƙwayar T tana buƙatar shaida ta biyu daga ƙwaya mai rassa cewa an ɗauko gutsuren ne a wurin da ake da haɗari. In babu wannan shaida, maimakon ta tashi sai ta yi sanyi. Ƙwayar B ma, a yawancin lokuta, sai ta sami amincewar wata ƙwayar T mai taimako kafin ta fara aiki sosai. In an cika sharuɗɗan, sai wadda ta dace ta shiga rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, cikin mako guda sun zama dubbai masu yawa. Kaluluwar da ke fitowa a matsematsi idan ƙafa ta yi miki, ko a wuya idan maƙogwaro na ciwo, wannan hayayyafar ce ake taɓawa da hannu. Shi ya sa kuma cutar da jiki bai taɓa gani ba kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin a ci ƙarfinta.

Ƙwayoyin B da suka tashi sukan rikiɗa su zama masu zubo antibodi, kowace tana fitar da dubbai a daƙiƙa. Antibodi furotin ne da ke yawo a ruwan jini, wato abin da su Ehrlich suka hango. Yana manne wa bairas ya hana shi shiga ƙwayar halitta, yana ɗaure gubar da bakteriya ke fitarwa, yana kuma shafa wa ƙwayar cuta alama don nutrofil da makrofaj su kama ta da sauƙi. Yayin da ake cikin faɗan, ƙwayoyin B suna ci gaba da yi wa siffarsu 'yan sauye-sauye, waɗanda suka fi kama abokin gaba da kyau su ne ake bari su rayu, don haka antibodin mako na huɗu ya fi na mako na farko inganci. Uwa tana miƙa wa ɗan cikinta nata antibodin ta mabiyiya a watannin ƙarshe, sannan ta ƙara masa wani ta nono, su ne ke riƙe shi kafin nasa tsarin ya kankama.

Bairas da ya riga ya shige cikin ƙwayar halitta kuwa, antibodi ba ya kai wa gare shi. A nan jiki ya yi wani tanadi: kusan kowace ƙwayar halitta tana ɗaukar gutsattsarin furotin ɗin da take sarrafawa a ciki ta baje su a bayanta. Ƙwayoyin T masu kisa suna zagayawa suna dubawa. In suka ga gutsuren bairas, sai su huda ƙwayar su zuba mata sinadarin da zai sa ta kashe kanta, ita da baƙon da ke cikinta. Rolf Zinkernagel da Peter Doherty ne suka gano wannan ƙa'ida a Canberra ta Ostareliya a 1974. Furotin ɗin da ake baje gutsattsarin a kansu sun bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum, shi ya sa jiki ke ƙin ƙodar da aka dasa masa daga wani sai an danne garkuwarsa da magani. Wasu bairas sun koyi hana ƙwayar baje komai don kada a gan su. Sai dai akwai wani nau'in limfosait da ke neman daidai wannan: duk ƙwayar da ta daina nuna alamarta, abin zargi ce, sai ya kashe ta.

In an gama, mafi yawan limfosait ɗin da suka hayayyafa mutuwa suke yi, kaluluwa ta sace. 'Yan kaɗan ne ke saura a matsayin masu tuni. A 1846 ƙyanda ta ɓarke a tsibiran Faroe da ke arewacin tekun Atilantika, inda rabon da a gan ta tun 1781. Cikin mutane ƙasa da 8,000, kusan 6,000 suka kamu. Wani matashin likita ɗan Denmak, Peter Panum, ya lura cewa tsofaffin da suka yi cutar a 1781 ba wanda ya sake kamuwa, kuma shi da kansa ya ga 98 daga cikinsu. Shekara 65 ke nan jikinsu na riƙe da labarin ba tare da ya sake ganin cutar ba. A kan wannan tuni rigakafi ya ginu: a nuna wa limfosait siffar abokin gaba a yanayin da ba zai iya cutarwa ba, a bar su su yi makonsu biyu na shiri cikin kwanciyar hankali. Da haka aka kawar da agana daga duniya, aka sanar a 1980. Ita ƙyanda kuma tana da wani mugun hali da ya kamata iyaye su sani: tana shiga cikin ƙwayoyin tuni ɗin kansu ta kashe su. Binciken da aka wallafa a 2019 kan yaran da ba a yi wa rigakafi ba a ƙasar Holan ya nuna bayan ƙyanda sun rasa tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na nau'o'in antibodin da suke da su. Yaro ya warke daga ƙyanda, amma ya koma fuskantar cututtukan da jikinsa ya riga ya sani kamar bai taɓa ganin su ba. Tunin ma yana da iyaka, domin bairas ɗin mura mai tsanani yana sauya kamanni kusan kowace shekara, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ita ma tana canza furotin ɗin da take nunawa, shi ya sa kariya daga gare su ba ta cika ba kuma ba ta daɗewa.

Abin da ke faruwa idan fararen ƙwayoyi suka yi ƙaranci sananne ne. Mai shan maganin cutar kansa, wato ciwon daji, da nutrofil ɗinsa suka faɗi ƙasa da 500 a maikrolita, in ya yi zazzaɓi ba a jira gari ya waye, asibiti ake nufa da shi nan take. Ƙwayar HIV kuma ta zaɓi ƙwayoyin T masu taimako, waɗanda ake ƙirgawa da sunan CD4. Mai lafiya yana da tsakanin 500 da 1,500, in suka sauka ƙasa da 200 an shiga matakin ƙanjamau, cututtukan da a da jiki ke kawarwa ba a ma sani ba sai su zama masu kisa. Maganin da ke danne bairas ɗin yana ba su dama su sake taruwa.

Wanda ba a cika magana a kai ba shi ne ɗaya gefen, lokacin da suka wuce gona da iri. In cuta ta bazu, kiran da ya kamata ya tsaya a wuri ɗaya ya game jiki duka, jijiyoyi su buɗe ko'ina, ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda da huhu su gaza. Wannan shi ake kira sefsis, kuma an ƙiyasta ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 11 a 2017, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya. A lokacin korona an ga misali ƙarara. A 2020 wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna deksametason, tsohon magani mai rage kaifin garkuwar jiki, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi. Amma bai amfani waɗanda ciwonsu bai kai ga buƙatar oksijin ba. Magani ɗaya, cuta ɗaya, bambancin kawai shi ne a wane mataki faɗan yake. Borin jini da asma su ma daga nan suke: ƙwayoyin mast da iyosinofil sun ɗauki ƙura ko garin fure ko wani abinci a matsayin maƙiyi. A ciwon sukari nau'i na ɗaya kuwa ƙwayoyin T ne ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin, wato wasu sun tsallake tantancewar taimus.

Tsallakewar tana faruwa a jikin kowa. Abin da ke hana mu duka faɗawa irin wannan ciwo shi ne wani rukunin ƙwayoyin T da aikinsu kawai shi ne kwantar da sauran. Shimon Sakaguchi ya bayyana su a 1995, a lokacin da masana da yawa suka daina yarda akwai irinsu. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon da in ta lalace, jarirai kan zo da ciwon da garkuwarsu ke afka wa hanji da fata da sauran sassa. Su ukun aka bai wa Nobel ta likitanci a 2025.

Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da tallan kayayyakin da ake cewa suna ƙara garkuwar jiki. Wanne ɓangare za a ƙara, nutrofil ko masu kwantarwa? Akwai abubuwan da aka tabbatar suna raunana fararen ƙwayoyi: rashin isasshen abinci mai gina jiki, ƙarancin zinc da bitamin A, ciwon sukarin da ba a kula da shi ba wanda ke rage kuzarin nutrofil, shan taba, rashin barci. Gyara waɗannan yana mayar da tsarin daidai, kuma ya cancanci a ba shi muhimmanci. Amma mai lafiyar da ba ya rasa komai, babu wata ƙwaya ko garin magani da aka nuna yana ɗaga garkuwarsa sama da yadda take, in ma da akwai, ba lallai ne ya zama alheri ba. Hanyar da aka tabbatar tana ƙara wa tsarin abin da ba shi da shi ita ce rigakafi, domin ita sani take ƙara masa game da maƙiyi takamaimai.

Inda likitoci suka sassauta takunkumin da gangan shi ne a maganin cutar kansa. Ƙwayar kansa ta jiki ce da ta lalace, kuma ƙwayoyin T kan gane wasu daga cikinsu su kashe. Amma a jikin ƙwayar T akwai wasu furotin da in aka taɓa su take dakatawa, kuma kansa da dama sun koyi taɓa su. James Allison a Amurka da Tasuku Honjo a Japan, kowa da nasa furotin ɗin, suka nuna cewa in aka toshe su da antibodi, ƙwayoyin T za su ci gaba da aiki. A 2011 aka amince da magani na farko irin wannan a Amurka don wata muguwar kansar fata, a 2018 aka ba su Nobel, kuma akwai marasa lafiyar da a da watanni ake ƙirga musu, yanzu sun haura shekara goma. Maganin ba ya yi wa kowa aiki. A cikin waɗanda suka karɓe shi kuma, wasu kan zo da gudawa mai tsanani saboda ƙwayoyin T sun afka wa hanji, wasu huhu ko hanta ko maƙoƙo ne ke kumbura. In haka ta faru, likita kan dakatar da maganin ya ba da wanda zai danne garkuwar har kumburin ya lafa, sannan a zauna a duba ko za a iya ci gaba.